Titin da Zai Bi Ta Ɗakin Inna

Kazaure, 9 ga Fabrairu, 1977

Zuwa ga Yaya Na'Allah,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Inna lafiyarta ƙalau. Idon dai yana nan yadda ka bar shi, ba ta ganin komai, amma har yanzu ita take ɗaura awakinta da kanta.

Yaya, aikinmu na ofishin tsara gari ya kankama. Mun gama zana taswirar sabon Kazaure. Za a yanka fulotai a bayan gari, a ja lambatu, a fitar da titi daga kasuwa zuwa asibiti wanda mota biyu za su gifta juna. An hana kowa gini sai ya kawo mana zane mun duba. Duk mai gida a unguwarmu sai ya sa hannu a takarda, kai ne kuma babba tun rasuwar Baba. Ga ta nan na haɗo, kwafi biyu, ɗaya naka ne ka ajiye. Da Turanci take, amma ba wani abu ba ne, shaida ce kawai cewa gidan namu ne. Ka sa hannu inda na yi alama da fensir, ka maido da wuri.

Ƙaninka,
Sama'ilu

Fatakwal, 1 ga Maris, 1977

Sama'ilu,

Na sami takardarka, na gode Allah da jin lafiyarku. Ni ma lafiya, in ka cire bayan nan da tuƙin tanka ya cinye. Shekara tara ke nan ina jan man wasu zuwa garuruwan wasu. Ruwan sama a nan ba ya shawara da kowa, rigata ba ta taɓa bushewa sosai ba. Tuwon dawa kuwa sai dai labari.

Na sa hannu. Ban nemi wanda zai karanta mini ba, don ban ga dalilin da zan kai takardar ƙanina gaban baƙo ba. Na ji daɗi da ka zama mai zana gari, kai da ko shingen akuya ba ka iya miƙewa.

Abu ɗaya dai, ka san shi, amma zan maimaita. Da Baba zai rasu ya riƙe hannuna ya ce kada a fitar da Inna daga ɗakinta muddin tana numfashi, na ce masa to. Ku ja titinku ko'ina, ku bar mata wurinta. Ka gaishe ta, ko da yake na san kawar da kai za ta yi.

Yayanka,
Na'Allah

Roni, 20 ga Afrilu, 1977

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Na je gida ranar Juma'a. Yaya, an shafa wa gidanmu jan fenti. Wata ƙatuwar alama a jikin zaure, wata a bangon ɗakin Inna, ga turaku an kafa tun daga bakin rijiya har turken awaki. Maƙwabta suka ce duk inda aka yi wa ja, katafila ce za ta bi ta kai bayan sallah.

Ranar da aka shafa, wai Inna ta fito tana lalube kamar kullum, hannunta ya taɓa fentin da danshinsa. Ta shinshina, ta ce, "A'a, Sama'ilu ne ya sa a yi mana kwalliya? Allah ya yi masa albarka." Daga baya Gwaggo Dela ta gaya mata gaskiya.

Na tare Sama'ilu a zaure. Na ce, "Kai, mai taswira, uwarka za ka rushe?" Ya ce, "Yaya Baraka, ki rage murya." Na ce ba zan rage ba, ai ba a ofis muke ba. Sai ya ce wai kai ka yarda, har ka sa hannu.

Na ce wa Inna, "In rubuta wa Yaya?" Ka san ta da kunyar ɗan fari, ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba. Ta juya fuska bango ta ce, "Ƙyale wancan na bakin teku, yana da abin da ya dame shi." Amma tun ranar ba ta cin abincin kirki. Tana zagaya gidan tana shafa bango ɗaya bayan ɗaya.

Da gaske ka yarda? Ni ban yarda ka yarda ba.

Ƙanwarka,
Baraka

Fatakwal, 6 ga Mayu, 1977

Sama'ilu,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa.

Baraka ta rubuto. Na ɗauki kwafin takardar nan na kai wa Julius, akawun wurin lodinmu. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, kai da kanka ka ce a rushe gidanku?" A gaban direbobi shida ya faɗa. Na ce masa e, don ban iya cewa ƙanina ne ya rufe ni ba.

A wurin aikin nan an cuce ni iri-iri, ban taɓa rasa barci ba, don ba na tsammanin komai daga gare su. Kai kuwa ni na goya ka zuwa makaranta ranar da ƙaya ta soke ka. Ka san ba na jin Turanci. Ka san ba zan kai takardarka a duba ba. Abin da ya fi ci mini rai, ka san Inna za ta mutu da maganar a cikinta kafin ta aiko wa ɗan farinta da kuka. Ka auna kunyarta kamar yadda kake auna fili, ka ga za ta ishe ka rufa asiri. Wannan ba a makaranta aka koya maka ba.

Matar nan shekara goma sha ɗaya ba ta gani, amma a gidan nan ba makauniya ba ce. Ƙafarta ta san kowane tudu. Ka kai ta fulotinka mai lamba, ka mayar da ita abin tausayi, sai an ja ta zuwa ban ɗaki.

Ban yanke maka hukunci ba tukuna. Ka gaya mini dalili, da Hausa, kada ka rage komai.

Yayanka,
Na'Allah

Kazaure, 25 ga Mayu, 1977

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa, ko da ban cancanta ba.

Na yi maka ƙarya. Na san in na faɗi gaskiya za ka ce a'a saboda alkawarin Baba, ni kuma ba ni da bakin yi maka musu.

Ga yadda abin yake. Lungunmu mota ba ta shiga. Bara da damina a kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko matar Daudu mai gyaran keke tana naƙuda, kafin a kai bakin hanya ta cika. Titin nan dole ne. Hanya biyu ce kawai: ko ya miƙe ya ci gidanmu da shaguna uku, ko ya lanƙwasa ya ci gida goma sha huɗu na baƙin da suka zauna a gefen kasuwa, su Nicodemus kafinta da Rhoda mai ɗinki, har da ɗakin ibadarsu. Maigidana a ofis ya kira ni gefe ya ce, "Lanƙwasa shi mana, wa zai tsaya musu? Kowa haka yake yi wa gidan ubansa." Na kwana uku da fensir a hannu. Na kasa, Yaya. In na kauce wa gidanmu, da wane ido zan shafa wa na wani ja?

Ga kwafin taswirar, na yi maka bayani da Hausa a gefe. In ka rubuto cewa yaudararka aka yi, za a soke sa hannun, a lanƙwasa titin, ni kuma a sallame ni. Ba zan musa ba. Inna ba ta yi mini magana, in na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya," shi ke nan.

Ƙaninka mai laifi,
Sama'ilu

Fatakwal, 12 ga Yuni, 1977

Sama'ilu,

Na shimfiɗa taswirarka a kan kujerar mota na yi ta kallo. Titin yana kan daidai. Ba zan tashi gida goma sha huɗu don in cika alkawarina ba, Baba ma ba zai so haka ba. Sa hannuna ya zauna. Da ka tambaye ni, da na yi faɗa, na yi zagi, sannan na yarda. Kai ka hana ni in yarda da bakina, wannan kuma ban yafe ba. Ban sani ba ko zan yafe.

Kafin katafila ta zo, ka ɗauki tef ɗinka ka auna ɗakin Inna, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa randa, zuwa turke, zuwa ban ɗaki. Ka gina mata irinsa sak a sabon wuri, har karkacewar bangon. In dokar ofishinku ta hana bango karkatacce, wannan matsalarka ce.

Na nemi hutu, ina tafe kafin sallah. Ni na yi alkawarin, ni zan tsaya a gabanta in ce na karya, ni kuma zan riƙe mata sanda ranar fita. Kada ka tare ni a tasha.

Yayanka, tunda wannan ba a soke shi da takarda,
Na'Allah