Keken Najiba

Libreville, ranar Litinin

Zuwa ga maiɗakina Hajiya Ummussalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Ki gaishe min da mutanen Kano baki ɗaya. Na ba Mahfuz, yaron nan namu mai zirga-zirgar Kano, wannan takarda ne ya kawo miki hannu da hannu, don na san idan na yi saƙon murya a tsakar gida za ki kunna, kowa ya ji.

Autarki Najiba ta iso daga Faransa lafiya. Ta ɗan rame, ta ce aikin asibiti ne. Kin san ta daɗe tana maganar keken nan nata na hawan dutse. Ashe ita da wasu abokan aikinta sun shirya su yi hutunsu suna yawo a dajin da ke hanyar Cap Estérias. Ta riga ta aiko keken ta jirgin kaya da sunana tun kafin ta taso. Na je na karɓo shi, wani ƙaton kwali ne, sai da mai taksi ya kwantar da kujerun baya.

Da muka sauke shi a ƙofar butik, wato shagona, Idrissa tela da su Malam Abdulƙahar suna zaune a benci. Suka tambaya, ni kuma da alfaharina na faɗa. Idrissa ya yi dariya, ya ce to bana za mu sha kallo, 'yar Alhaji a matsattsen wando tana tsere da arna a titin Louis. Malam kuwa kai kawai ya girgiza. Hajiya, wannan girgiza kan ta fi dariyar ƙona min rai.

Na ja kwalin zuwa sito, na jera buhunan shinkafa a gabansa. Da ta sauka, tun a mota ta tambaye ni keke. Na ce bai iso ba tukuna. Ina ganin idan abokan nata suka gama yawonsu, sai in ce ya zo a makare. Ba wanda zai cutu. Kada ki faɗa mata.

Naki,
Abdulganiyu

Libreville, ranar Juma'a

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, kuma Inna tana samun cin abinci. Ban jira amsarki ba, don abin da na ce ba zai cuci kowa ba ya cuci wata baiwar Allah.

Abokanta sun tafi daji ba ita. Kullum sai ta shirya hular kwanonta da takalmanta a bakin ƙofa, ta yi ta buga waya kamfanin jirgin. Shekaranjiya suka gaya mata ai an karɓi kayan tuni. Ta zo butik idonta ja, ta ce Baba wani ya yi amfani da sunanka ya sace min keke, tashi mu je. Ko a ranta ba ta kawo ni ba. Na tashi na bi ta kamar raƙumi da akala.

A ofishin, matar da ta ba ni kwalin ce a zaune, wata 'yar Gabon mai gilashi, za ta yi sa'ar ƙanwarki Sadiya. Ita ce ma ranar ta nemo min mai turo amalanke saboda ta ga ina ɗingishi. Tana ɗaga kai ta gane ni. Ta ce, "Monsieur, ba kai ne ka zo ba?" Najiba ta juyo ta kalle ni. Na ce ban taɓa shigowa nan ba.

Kin san Faransancin 'yarki idan ranta ya ɓaci. Ta ce mahaifinta dattijo ne, bai taɓa yi mata ƙarya ba, kuma ba za ta tsaya a mayar da shi ɓarawo ba. Ta sa aka kira shugaban wurin. Ya fito ya yi wa matar faɗa a gaban layin mutane, ya ce ta tashi daga kujerar sai an bincika. Ta tattara jakarta. Da za ta wuce ta gabana, ta tsaya ta dube ni sosai.

Muna komowa ban ko cire hula ba, na kama hannun Najiba zuwa sito. Na janye buhunan da kaina. Ta daɗe tana kallon kwalin. Na jira ta yi ihu, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Baba, da ka ce kada in hau, da ban hau ba." Sannan ta ce mu koma wurin matar nan yanzu, kafin su tashi.

Mun koma. Na tsaya gaban shugaban na faɗi gaskiya, Najiba tana cike min inda Faransancina ya gaza, muryarta ƙasa-ƙasa. Ki duba, 'yata ce take fassara ƙaryata. An mayar da matar bakin aikinta jiya. Na kai mata turmin atamfa, ta ce in mayar, ta yafe amma ba ta buƙata.

Yau a masallaci Idrissa ya tambaye ni ina labarin tsere. Ashe shi har ya manta ya taɓa yin maganar, sai da ya gan ni ya tuna.

Ki sa ni a addu'a.

Abdulganiyu

Libreville, ranar Alhamis

Zuwa ga Hajiya Ummussalma,

Assalamu alaikum. Na samu saƙonki ta bakin Mahfuz, kuma duk abin da kika ce haka ne, ba ni da ta cewa. Na ji daɗi da jikin Inna ya yi sauƙi har tana zama a tabarma.

Najiba ta haɗa keken a tsakar gida, ita kaɗai. Na miƙa mata sifana, ta ce na gode Baba, tana da nata. Abokanta sun riga sun gama yawancin yawonsu, wuni ɗaya kacal ya rage, shi ta samu. Na roƙi wani direba, Yaya mai a-kori-kura, ya kai mu, na ɗora keken a baya a gaban kowa, ina riƙe da shi har muka fita daga kartiye, wato unguwarmu. Doguwar riga ta sa har gwiwa a kan wandonta, da ɗankwali ƙarƙashin hular. Ashe haka take hawa tun can Faransa. Ban taɓa tambaya ba.

Na zauna a bakin daji wurin wata mai soya ayaba, ruwa na sauka yana ɗaukewa. Wajen la'asar suka fito. Hajiya, da kin gan ta! Taɓo har gira, gwiwar hannu a ƙuje, tana ƙyalƙyala dariya irin wadda rabon da in ji tun tana firamare. Tana hango ni ta daina. Ta zo ta rusuna ta ce sannu da jira Baba.

Haka take har ta tafi. Ba ta fasa gaishe ni da safe ba, ba ta fasa zuba min shayi ba, amma hira ta ƙare. Jiya ta kwance keken, ta naɗe shi da tsofaffin zannuwanki, ta ce wannan karon a jirginta zai tafi. A filin jirgi na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe tun ranar, ta sumbaci hannuna, ta tura kwalinta ta shige.

Ga roƙona. Ki kira ta idan ta huta. Kada ki ba ta haƙuri a madadina, wannan nawa ne, zan bi shi a hankali. Ki dai tambaye ta yadda dajin yake, da inda ta faɗi, da abin da ta gani a ciki. Tun daga Faransa ta ɗauko keken nan don wannan wunin, kuma har ta tafi ba wanda ya tambaye ta a gidan ubanta. Ni na so, bakina ne ya kasa.

Ki gaida Inna da kyau. Allah ya dawo min da ke lafiya.

Mijinki,
Abdulganiyu