Allurar da Baba Ke Haɗa wa Kansa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Bilbis lafiya, sai dai Baba.

Da ya je Gusau, wani ya sayar masa da ƙananan kwalabe uku, wai maganin allura ne mai suna feftayid. Ɗaya ta gyaran gwiwa, ɗaya ta dawo da ƙarfin samartaka, ta ukun ban ma gane ba. Yanzu zuƙe su yake a sirinji ɗaya ya tsira wa kansa, yadda yake yi wa shanunsa. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Na yi magana, ya ce, "Hadiza, tun ba a haife ki ba nake allura."

Kai ne ma'aikacin jinya, maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi ya je asibiti. Inna na gaishe ku, ta ce ku sa mu a addu'a.

Yaya, bara da bijiminsa ya kumbura, kafin azahar ya ɗauko likitan dabbobi. Shi kuwa yau kwanansa tara.

Ƙanwarka,
Hadiza