"Ya Kamata" Ta Haɗa Ni Faɗa da Gidan Kawuna

Ustaza Batulu, ki taimake ni da shawara kafin fushi ya sa na yi abin da zan yi nadama.

Aikin kwamfuta na karanta a Khartum, yaƙi ya dawo da mu gida Gadarif. Ni da ɗan kawuna Kamal muka haɗa manhajar waya wadda wakilin gona zai aika saƙo da ita cikin gari a turo masa ma'aikata. Ni na tsara ƙa'idojin, shi ya gina. A aikinmu akwai kalmomin da duk masu rubuta ƙa'idojin intanet suka yarda da su, da manyan baƙaƙe ake rubuta su. Da Hausa a ce DOLE, YA KAMATA, da ANA IYA. Na rubuta cewa in shabaka, wato sabis na waya, ta yanke, YA KAMATA manhajar ta sake tura saƙon. Kamal ya tsallake wurin, bai faɗa mini ba.

Riɗi ya nuna a gonar Kawu Sharu, mahaifin Kamal, can bayan garin Doka. Kin san riɗi ba ya jira. Wakili ya tura saƙo a kawo masu yanka, shabaka ta ɗauke, saƙon ya mutu a hanya. Shi yana can yana duban hanya, mu muna nan ba mu sani ba. Kafin a ankara kwanso ya fashe, ƙwaya ta zube ƙasa.

Wallahi ba asarar ce ta fi ƙona mini rai ba. A gaban dangi Kawu ya ce ilimin 'ya mace ya cinye masa gona, Kamal kuma ya buɗe baki ya ce ai ban rubuta DOLE ba! Ya sani sarai ba a barin YA KAMATA sai da hujja mai ƙarfi, bayan an auna abin da zai biyo baya. Wace hujja gare shi ban da gaggawa? Mahaifiyata sai haƙuri take ba ni. Ga bikin Raihana ƙanwar Kamal ya matso, na ce ƙafata ba za ta taka gidan ba. In raba aiki da Kamal, khalas, kowa ya kama gabansa?

Mai Ɓacin Rai, Gadarif

'Yata, fushinki yana kan hanya. Bisa ma'anar da kika kawo, Kamal ya yi laifi biyu: ya bar abu ba hujja, ya kuma yi shiru. Na uku ya fi muni, ya ɓuya a bayanki ranar da mahaifinsa ya fusata. Maganar Kawu kuwa zafin asara ce, amma ba daidai ba ce.

Sai dai ke ma ki tsaya. Kin san halin shabakar Doka. Abin da rashinsa zai kashe aikin gaba ɗaya, DOLE ne sunansa. Kin zaɓi kalma mai laushi a inda ake buƙatar mai kaifi, ta bar ƙofa, shi kuma ya bi ta ciki.

Kada ki raba aikin cikin fushi. Ki kira shi ku biyu kawai, ki amsa naki laifin tukuna, sannan ki nemi ya je gaban mahaifinsa ya amsa nasa da bakinsa. In ya yi, ku bi ƙa'idojin layi-layi, ku yarda cewa duk abin da za a tsallake sai an faɗi dalili. In ya ƙi, kin san wanda kike aiki da shi, ki rabu da shi cikin mutunci.

Bikin kuwa ki je. Raihana ba ta yi miki komai ba. Allah ya mayar wa Kawu da alheri, ya sanyaya zuciyarki.

Ustaza Batulu