Suna Son Harshena, Ba Sa Son Jikata

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan da sauƙi. Gwiwar nan ce dai ba ta jin lallashi, sai na huta sau biyu kafin in gama hawa bene. Ƙanwarka tana nan tana fama da aikin wanki a asibiti. Tun rasuwar mahaifiyarku ɗakin nan ya yi mini faɗi, ba mai ɗebe mini kewa sai jikata Aku, ɗiyar ƙanwar taka, mai ce mini angonta marar haƙori.

A kanta nake rubuto maka, raina kuwa a ɓace yake. Ka san makarantar da ke ƙarshen layinmu. Bara suka buɗe aji ɗaya mai harshe biyu, da safe a yi karatu da harshenmu, da rana da harshen hukuma. Da na ji sai da na yi ƙwalla, ni da aka rataya wa allon kunya a wuya ina ɗan shekara takwas don na roƙi ruwa da harshen uwata. Na ce bana sai Aku ta shiga.

Ranar rajista na sa rigata mai kyau, na ɗauki takardar haihuwarta, tun bakwai da rabi ina kan benci a ƙofar ofis. Ban ga kowa ba, har ina murna ni ne na farko. Ƙarfe tara akawu ya ɗaga taga ya ce ai ta waya ake cikewa, an buɗe da takwas, kujeru ashirin da biyar sun ƙare kafin takwas da kwata. Ashe layin yana cikin waya, ni ina zaune ina yi musu gadin ƙofa! A lokacin ƙanwarka tana bakin injin wanki, wayarta a kulle a akwatin ma'aikata. Sanarwar ma da harshen hukuma kaɗai suka rubuta ta.

Yanzu kullum da safe ina kallo ta taga, motoci ne daga can unguwar manya suke sauke yaran ajin. Ba na baƙin ciki da yaran kowa, ilimi ba ya raguwa don an ɗiba. Amma duk layinmu yara uku ne suka samu. Aku tana ajin da ba a jin harshenmu ko sau ɗaya. Ta fara amsa mini da harshen hukuma, shekaranjiya kuma ta ce ƙawayenta sun ce namu na tsofaffi ne. In ita ma ta daina, da wa zan yi magana, da bango?

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru jiya. Shugabar makarantar ta hawo har ɗakina, ta ce an gaya mata na iya ba da labari, tana so in riƙa zuwa duk Juma'a ina yi wa ajin nan, don yaran su ji harshen daga bakin mai shi. Na tambaye ta ko Aku za ta zauna. Ta sunkuyar da kai ta ce ƙa'ida ce, yarinyar ita ce ta arba'in da ɗaya a jerin masu jira. Na ce mata wato zuma suke so, ƙudan kuma a kore shi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni shekara saba'in ina hura wutar nan ban sha romo ba.

Ga abin da nake so. Ranar ashirin ga wata hukumar makarantu za ta zauna. Kai ka iya irin rubutun da suke jin tsoro, ka rubuta musu. A karɓi rajista a takarda kamar yadda ake karɓa ta waya, a ba mutane mako guda, a yi sanarwa da harsunan biyu, in masu nema sun yi yawa a jefa ƙuri'a a gaban kowa, a kuma buɗe aji na biyu. Ka aiko da wuri. Tela da mai gyaran takalma na layinmu sun ce za su sa hannu, su riƙe ni mu kai.

Juma'ar nan kuwa zan je, na riga na gaya wa shugabar. Hannun dama sanda, hannun hagu Aku. In an ba ta wuri, ko a ƙasa ne, zan buɗe baki. In an tare ta a ƙofa, ni da labaraina mu juyo gida tare da ita.

Ka gaishe mini da surukata, da babban ɗanka, da 'yar autarku. Ka riƙa yi musu harshenmu a gida, kada ka jira wata makaranta. Ƙanwarka tana gaishe ka. Aku ta ce a gaida kawu, da harshenmu ta faɗa, na sa ta maimaita sau biyu don in ƙara ji.

Ni ne mahaifinka.