Gadon Sama a Cikin Kunkuru

Tacuarembó, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Zulma,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, ke da mijinki Fabián da 'yar jikata Maite. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa tarin nan na Maite ya tafi ke nan. Mu nan lafiya lau. Ƙirjin babanki ya yi sauƙi, har ya koma faɗa da rediyo in ana ƙwallo. Kakarki ma tana takawa da sanda daga ɗaki zuwa tsakar gida. Ki yi haƙuri da rubutun, da ɗan yatsa ɗaya nake danna wayar, babban yatsan kuwa guduma ta sauka a kansa, yanzu za ki ji dalili.

Kin san hutun Turismo, makon hutun nan na kowace shekara, saura kwana huɗu, kuma kin san tun kina goye ba mu taɓa fashin zuwa bakin ruwa a San Gregorio ba. To bana sai ga matsala. Kunkuru, ɗan ɗakin nan namu mai taya biyu da babanki ke ja da mota, gado ɗaya ne a ciki sai benci. Da can ni da Kaka a gado, babanki a tanti. Yanzu likita ya hana shi kwanan ƙasa saboda ƙirjin, sai benci. Ita kuma Kaka tun da ta karye a ƙugu ba ta kwana da kowa, kada a danne ta. Saura ni. Ba zan kwana a waje ba, don in ta tashi ni take kira. Shi ne Kawunki Heber ya zo da wata takarda, wai ya samo wa Mama wuri a gidan tsofaffi, mako ɗaya tak, mu je mu huta, ita ma ta gwada ta gani. Zulma, ta gwada me? Maƙwabciyarmu Doña Pura ma mako ɗaya aka ce, yau shekararta uku a can, in na je gaishe ta tambayata take ko an zo ɗaukarta ne. Kin san Kaka ba ta musu da ɗanta na fari. Sai ta shiga ɗaki, na leƙa na same ta tana ninke rigunanta tana sa wa a jaka. Wallahi a nan raina ya ɓaci. Na fito na ce Yaya, in na nuna maka inda mu uku za mu kwanta ba wanda ya taɓa ƙasa fa? Ya yi dariya, wai a cikin wannan gwangwanin? Wai in na iya, ya janye. Na ce ka dawo Lahadi.

Washegari na tasa babanki gaba. Na ce gado za mu yi a sama, daidai kan na Kaka, ni zan hau. Ya dube ni sama da ƙasa, wai Nélida, ke da wannan jikin, katako za mu saya ko ƙarfen gada? Na ce ka ji da zartonka, tsoho, ni na san nauyina. Muka auna. Ya zaunar da Kaka a gadon ƙasa ya auna kanta, ya bar mata taƙi ɗaya don ta iya zama ta sha shayinmu na mate ba ta buga kai ba. Sannan ya ɗauko tsohuwar katifarki ta gashin tumaki, wadda ta lotse ta koma kamar faifai, ya auna kaurinta, yatsa huɗu, ya ce wurin ya ishe ni har in juya. Kwana uku muna abu ɗaya. Ƙafa huɗu muka kafa daga ƙasa, don bangon Kunkuru ba ya riƙe ƙusa, kwali ne da fenti. Ya gicciya katako bakwai, ni ina riƙewa yana bugawa, a nan yatsana ya tafi. Har ɗan tsani ya yi min mai taki uku. Ya yi kyau, ba ƙarya.

To ga inda na yi ɓarna, kuma na amsa laifina. Kin san ba mai shiga sanyi da katifar gashin tumaki da ba a farke an tsefe ba. Ran da muka fara aikin, sai Don Eusebio mai katifa ya biyo layinmu da kekensa, na ce ai kunya ce in kai wannan lotsattsar bakin ruwa mutane su gani, na miƙa masa, ban ko gaya wa babanki ba. Ran Juma'a ya dawo da ita, ya farke, ya tsefe gashin, ya sha rana, ya ɗinke. Zulma, katifa ta tashi kamar ƙullin burodi. Yatsa huɗu ya koma taƙi da rabi. Mutumin sai washe baki yake, wai Doña ki duba, ko amarya sai haka. Muka cusa ta sama da ƙyar, na hau tsani, na tura kai, na tura kafaɗa, sai na tsaya cak. Gaba ya ƙi, baya ya ƙi, hancina a manne da rufi. Babanki maimakon ya ja ni sai ya zauna a benci yana dariya har da tari, wai a bar ni a haka, ko a hanya ba zan faɗo ba. Na ce in na sauko za ka sani.

Da ya jawo ni ta ƙafa sai dariyar ta ƙare, don Lahadi jibi ce. Ya ce a sauko da gadon sama ƙasa kaɗan. Na ce a'a, Mama ba za ta yi mako guda a kwance kamar gawa ba. Ya ce a sayo katifar soso siririya. Na ce a bakin ruwa, a wannan sanyin, soso? Ka kwanta kai. Na ce a kira Don Eusebio, aka ce ya tafi ƙauye sai bayan hutu. Na zauna a ƙofar Kunkuru, ba zan ɓoye miki ba, hawaye ya zo. Sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa taya. Kaka ce. Wai ku biyu da girmanku katifa ta gagare ku? Wai kafin a haife ni ita ke ɗinka katifun ma'aikata goma sha biyu a gidan gonar da ta yi aiki, a fito mata da ita tsakar gida, a kawo almakashi da doguwar allurarta da ke cikin gwangwanin maɓallai. Ni ban ma san tana da ita ba.

Asabar gaba ɗaya a kanta muka yi. Ta zauna a kujera, katifa a kan tebur, ta farke gefe, ta sa na zaro rabin gashin, tana ta faɗa wai ina fizga kamar mai fige kaza, a hankali ake yi, a shimfiɗa daidai, kada tsakiya ta yi rami. Babanki ta mai da shi mai zura zare, wai Aníbal idonka ne ya mutu ko hannunka? Ita da kanta ta soka allura ta ɗaure kowane ƙulli, ashirin da takwas na ƙirga. Hannun yana rawa kafin ta soka, in ta soka kuwa ba ya kuskure. Sauran gashin ta ce kada a zubar, a yi mata dogon matashi ta jingina ƙugu.

Lahadi da hantsi Kawunki ya iso, ya same ta tana ɗinke bakin matashin, zare a baki. Ya tsaya yana kallo, ya ce Mama ke ce da allura? Ta ce a'a, Doña Pura ce. Na kai shi ciki, na hau, na kwanta, na juya dama na juya hagu. Ya ce ai katakon ba zai ɗauke ni mako guda ba. Na ce to hau ka gwada, ka fi ni nauyi da buhu guda. Ya cire takalmi ya hau, gado ko ƙara bai yi ba. Saukowa ce ta gagare shi, ƙafarsa tana lilo tana neman tsani, Kaka tana zungurinsa da sanda, wai ka zauna nan mako ɗaya tak, ka gwada ka gani. Babanki sai da ya fita waje don dariya. Da ya sauko ya sha mate biyu, sannan ya ce zai kira mutanen gidan tsofaffin ya ce ba ta zuwa. Amma ya ce bayan hutu za mu sake magana. Ya yi ta maganarsa. In ya kira ki yana neman ki goya masa baya, kin dai ji yadda aka yi daga bakina, kuma ina raye Mama ba za ta kwana a can ba.

Ki gaishe min da Fabián, ki ce na gode da hotunan. Ki sumbaci Maite, ki rufe mata ƙirji. Ki gaida surukarki Doña Celia da maƙwabciyar nan taki mai ba ki kifi. Babanki yana gaishe ku, yana waje yana hura tayoyi. Asabar da sassafe za mu ɗaura Kunkuru a mota mu kama hanya, mu uku.

Kaka tana nan kusa da ni, ta hana ni rufewa. Wai ki aiko mata da dogayen allurai biyu da zare mai ƙarfi in akwai a can, don ta bi ɗakunan gidan nan ta danna kowace katifa, ba ta ga ta kirki ko ɗaya ba. Wai da mun dawo za ta fara da ta babanki, kuma a gaya wa Heber ya kawo tasa ya bi layi.

Ni ce mamarki,
Nélida