Awon Rijiyar Hodi

Argungu,
14 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga aminina Irimiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Maman Roda da sauran iyali, kuma sanyin Pankshin bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan lafiya lau, damina ta sauka, uwargidana Ummu Hani tana gaishe ku.

Bayan haka, wata guda ke nan da wasiƙarka ta zo ban amsa ba, kuma ka san dalili. A watan nan ne shekara ashirin da shida suka cika da ranar da na miƙa rahotona a ofis, na ce jingar da ake yi a fadama ba za ta riƙe ruwan Rima ba. Kai ka riƙa mini sandar awo ranar da na auna wurin, ka san gaskiya na faɗa, amma ka zauna kusa da darakta kana juya biro har aka tashi taro. Jinga ta ɓalle a damina ta biyu. Kai ka yi ta hawa, ni kuwa aka turo ni Argungu ina leƙa rijiyoyin ƙauye har na yi ritaya, ni da babu wanda ya kamo ni a ajinmu na jami'a. Ba don mu yi faɗa na tuna maka ba. Don ka san irin mutumin da ka ba amanar ɗiyarka ne.

Roda ta zo gaishe ni daga gidan gwaggonta a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi. Ta zo da takarda ta jera hanyoyin da mai digirin kimiyyar muhalli zai iya bi, wai Baba Dikko ya taya ta zaɓe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Aikin gwamnati, na ce ta dube ni. Kamfanonin casar shinkafa, na ce sa hannunta suke so, ba iliminta ba. Koyarwa, na ce za ta tara wasu yaran ne su ma su zo su rasa abin yi. Zanen taswira a kwamfuta, ban san shi ba, amma shi ma na kushe. Ta yi dariya ta ce to Baba, ko dai ta koma sayar da albasa ne? Bayan ta tafi Ummu Hani ta ce na ji kunya, yarinya ta zo neman shawara na sallame ta da ɗaci.

Duk da haka ta samu wuri. Wata ƙungiya da ke bin lafiyar ruwan sha ta ɗauke ta gwaji na wata shida, tana auna zurfin ruwa a rijiyoyi duk wata. In ta yi kyau za su tabbatar da ita, su kuma tura ta karatun digiri na biyu. Mutum ɗaya za su tura. Ta ɗora ranta a kai ƙwarai.

A gaida mutanen gida.

Naka,
Dikko.

Argungu,
28 ga Satumba, 2025.

Aminina Irimiya,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya Maman Roda? Dankalin da ka aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. Maganar taron nan da ka ce tsoron rasa abincin 'ya'yanka ne ya rufe maka baki, na karanta. Ba ita ta sa na ɗauki biro yau ba.

Na san Roda ta gaya muku an dakatar da ita. Na kuma san ba ta gaya muku yadda aka yi ba, domin da ta faɗa, da ba ka aiko mini da dankali ba.

A farkon Agusta wani abokin aikinta ya bar aikin, aka ƙara mata rijiyoyi huɗu a ƙauyukan da ke bayan Gulma, inda ba ta taɓa zuwa ba. Ka san wurin a Agusta, babur ma ba ya shiga, sai jirgin ruwa. Ita kuwa ba ta iya iyo ba, ko gada za ta haye sai ta rufe ido. Ranar wata Talata da hantsi ta zo gidana da takalman roba a jaka, ta ce Baba ka san masu jirgi, ka haɗa ni da wanda ba ya wasa da mutane a tsakiyar ruwa. Abin da ta roƙa ke nan, Irimiya, ba ta roƙi wani abu ba. Kuma na san mutumin. Sunusi, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana haye da ni, gidansa bai kai tafiyar minti biyar daga nawa ba.

Ban kai ta ba. Dariya na yi, na ce wa ya gaya mata ana karanta abin da take rubutawa? Na ce shekara ashirin ina aika lambobi Birnin Kebbi, da na je karɓar takardar ritaya na tarar da su a ɗaure a bayan ofis, gara ta ci rabi. Sai na shiga ɗaki na ɗauko tsofaffin littattafaina, na koya mata awon inuwa. Ka tuna shi, haka muke kiransa a ofis: mutum ya zauna gindin darbejiya ya ɗauki awon Agustan shekara uku da suka wuce, ya haɗa ya raba, ya ɗan taɓa lambar ƙarshe don kada ta yi kyau da yawa. Duk rijiyoyin huɗu suna cikin littafina, da hannuna na auna su a zamanina.

Ta ƙi da farko. Ta ce a makaranta an ce masu wanda bai ga ruwa da idonsa ba kada ya rubuta. Na ce malamin da ya faɗa mata haka bai taɓa jiƙa wandonsa a fadama ba. Na ce kai kanka, ubanta, ka yi awon inuwa ba sau ɗaya ba. Wannan ita ce ta karya ta. Na ga fuskarta lokacin da na faɗa, kuma Allah ya sani na ji daɗin faɗar.

Da ruwa ya janye, shugabar ƙungiyar ta kai baƙi ganin wuraren. Rijiya ta uku a jerin, wadda ake kira Rijiyar Hodi, babu ita. Ta rufta shekara biyar da suka wuce, mutanen gari suka cike ramin, yanzu gero ne a wurin. Jerin da aka ba Roda tsoho ne, kuma ashe dalilin tura ta ke nan, a san wadda ke nan da wadda babu. Ita kuwa ta rubuta cewa ranar sha biyu ga Agusta ta tarar da ruwa a mita huɗu da ɗigo bakwai. Ni na zaɓa mata bakwai ɗin.

Za su zauna a kan maganarta a watan gobe. An tambaye ta inda ta samo lambobin, ta ce ita ta ƙirƙira. Ba ni iya faɗa maka wanga a waya, shi ya sa na rubuto.

Naka,
Dikko.

Argungu,
2 ga Nuwamba, 2025.

Irimiya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ban ga amsarka ba, kuma ban ga laifinka ba. In Maman Roda ba ta son jin sunana, kada ka isar mata da gaisuwar.

Ranar da za su zauna na yi sammako na shiga mota zuwa Birnin Kebbi da littafin a aljihun babbar riga. Na isa bakin ofishin kafin ƙarfe tara. Akwai mai shayi a tsallaken titi, na zauna wurinsa wai in huta. Na sha kofi ɗaya, na ƙara wani. Ina nan zaune na ga Roda ta sauka daga Keke Napep, ta gyara ɗankwalinta ta shiga. Abin da ke raina shi ne yaran nan da na girme wa iyayensu za su dube ni su ce ga tsohon da ya koya wa yarinya ƙarya, ga wanda ya yi shekaru yana cika wa mutane kunne da cewa don gaskiya aka danne shi. Ina wurin har aka kira azahar. Ashe zama a yi shiru ba shi da wuya kamar yadda na daɗe ina zato.

Sai bayan kwana tara na koma, shi ma saboda Ummu Hani ta daina yi mini magana ne. Shugabar tasu ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni kujera, ta buɗe littafin ta daɗe tana dubawa. Ta ce irin wanga tsohon awo suke nema ruwa a jallo, ta roƙi in bari su kwafe shi, domin da shi za su gane ko ruwan ƙasa yana raguwa a yankin. Ta tambaye ni wane shafi ne na gaskiya, wane ne na inuwa. Irimiya, na kasa rarrabewa. Game da Roda kuwa ta ce da na zo ranar zaman, wataƙila da gargaɗi kawai za a yi mata, amma an riga an rubuta wa hedikwata, kuma sa hannun da ke kan awon na Roda ne.

Daga nan na wuce Badariya. Roda ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta kawo mini ruwa, ta tambayi jikin Mama Ummu Hani. Na fara magana ta ce Baba a bar shi. Na ce akwai sauran hanyoyi a takardar nan tata, zan rubuta wa duk wanda na sani. Ta ce masu aikin nan a jihar ba su da yawa, kowa ya san kowa, kuma duk inda ta nema sai an tambayi inda ta baro. Ta ce ko da an ɗauke ta, ita ba ta ƙara yarda da hannunta ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko da gaske ne ka taɓa yin awon inuwa. Na ce sau ɗaya na sani, shekarar da aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti, sauran ƙari ne na yi. Ban sani ba ko ta yarda.

Ba na roƙon ka yafe mini yanzu. Ina so dai ka ji daga gare ni kafin ta iso. An sallame ta ranar ashirin ga Oktoba. Gurbin karatun an ba wani. Jibi za ta shiga motar Jos da kayanta duka, ta kuma ce ta bar aikin muhalli.

Naka,
Dikko.