Kujerar Shekara Ɗaya

Harlbeck, 9 ga Mayu

Yayata Thelma,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Ki gaishe mini da mijinki Roy.

An yi zaɓe, na ci, amma kada ki taya ni murna. Da aka sake shata iyakokin unguwanni, sai aka zaɓi kansilolinmu uku a rana guda, alhali ɗaya bayan ɗaya aka saba. Don a koma tsohon tsari, wanda ya fi ƙuri'a zai yi shekara huɗu, na biyu shekara biyu, na uku shekara ɗaya tal. Ni ce ta uku, Yaya! Ni da na yi furfura a majalisar nan!

Kin san wanda ya zo na ɗaya? Callum Bairstow dillalin gidaje, sabon shiga, wanda na riƙa ja gida-gida cikin ruwan sama ina gabatarwa. Duk wanda na gamu da shi a kasuwa sai ya ce, "Ai ke ba a kayar da ke, Glenys, shi ya sa muka tallafa wa sabon." Sannunsu da tallafi.

Ƙanwarki,
Glenys

Harlbeck, 14 ga Disamba

Yayata,

Bayan gaisuwa, yaya sanyi a wajenku? Ina rubuto miki cike da takaici.

Majalisa ta amince a sayar da lambunan haya na bayan tasha, a yi wurin ajiye motoci. Har da lambun Baba da nake nomawa. Ni kaɗai na ce ban yarda ba. Callum ne ya fara ɗaga hannun amincewa, da muka fito kuma har yana yi mini murmushi, wai, "Haba uwar ɗakina, gari ba ya ci gaba da kabeji." Na ce, "Da kabejin aka yi renonka, marar kunya."

Ban haƙura ba. Doka ta yarda a sake duba batun bayan wata shida, a zaman Yuni ke nan, kuma wasu kansiloli sun yi mini alkawarin juyawa muddin ni na gabatar. Sai dai wa'adina a Mayu zai ƙare. Dole in sake ci.

Taki,
Glenys

Harlbeck, 6 ga Mayu

Yaya Thelma,

Ina gaida ki, na gode da safar da kika saƙa mini.

Na faɗi.

Tun hunturu gari ke tafasa. Masu lambu, tsoho Wilf maƙwabcina na kan gaba, suka bi ko'ina suna shela a kori duk wanda ke majalisa. To su wa za a kora? Callum na zaune daram, wanda ya zo na biyu ma wa'adinsa sai baɗi. A unguwarmu kujerata kaɗai aka fitar bana. Suka huce haushinsu a kaina, suka zaɓi wani baƙo wanda ko ƙofar lambun bai sani ba.

Da safen nan sai ga Wilf a ƙofata, hula a hannu. Ya ce, "Kada ki riƙe mu a zuci, Glenys. Majalisar muka nufa, ba ke ba. Ke kaɗai muka samu a takardar ƙuri'a."

Ya ɗan yi tari, ya ce, "To, batun zaman Yuni fa? Wa zai gabatar mana?"

Na ce, "Ka je wurin Callum. Yana da sauran shekara uku na sauraronku." Ko shayi ban ba shi ba, ban kuma ji kunya ba.

Kujerar ba ta dame ni kamar lambun ba, Yaya. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ki turo Roy da mota da shebur kafin ƙarshen wata, mu tono bishiyar tuffar da Baba ya dasa. An ce a wannan lokacin da wuya ta kama idan an dasa ta wani wuri. Duk da haka gara ta mutu a bayan gidanki da a zuba mata kwalta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Glenys